Jarumi Marar Kai a Bangon Gidanmu

Ranar wata Asabar ce, cikin daminar shekarar da nake aji biyar na firamare, na fito da bokitin ɗiban ruwa da sassafe na tarar maza sun cika lungun bayan gidanmu na unguwar Makera a Kaduna. Shirun da suka yi shi ya fara tsorata ni. Mutanen unguwarmu ko kaza aka take sai an jiyo muryarsu har layin dogo, amma ranar nan kowa ya harɗe hannu yana kallon bango. Akwai waɗanda ko fuska ba su wanke ba, akwai mai riƙe da carbi ya manta da ja, akwai samari a baya-baya da hannuwansu cikin riga, kuma ko a waɗannan shekarun na san ba sanyi ne ya sa su ɓoye hannu ba. A jikin bangon, daidai bayan ɗakinmu, ga wani dogon jan layi ya taso daga ƙasa ya ratsa wani baƙi, ga kore ya lanƙwasa a sama, ga ruwan ɗorawa ya fantsama. Ɗanlami, jagoran samarin da ke zaman majalisa a bakin titi, yana riƙe da wani gwangwanin fenti da ya tsinta a gindin bangon, yana ɗaga shi kowa ya gani. Na ji wani dattijo ya ce a hankali, "An sa wa gidan nan alama." Ɗanlami ya ce, "Ai mun san mai fenti a gidan." Mai fenti mutum ɗaya aka sani a gidanmu, shi ne Yaya Bulus, ɗan maƙwabciyarmu. Zanen kuwa ni na yi shi jiya, ina tsaye a kan turmin Inna.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda 'yar shekara goma ta tara ƙarti a lungu. Gidanmu gidan haya ne, irin mai ɗakuna jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, famfo ɗaya wanda ba ya kawo ruwa sai ya ga dama. Yawancin masu ɗakunan ma'aikatan masaƙa ne, kowa da garin da ya baro. Babana, Malam Iro, daga ƙasar Katsina ya zo, yana aiki a sashen da ake buga zane a jikin atamfa, shi ya sa faratansa ba sa rabuwa da launi ko ranar sallah. Ɗakin da ke kallon namu na Maman Bulus ne, 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda mijinta ya yi aiki da Baba a sashe ɗaya har Allah ya karɓi ransa. Tun daga rasuwarsa take suyar ƙosai a ƙofar gida. Jiniyar masaƙa ce ke tashinmu. In ta yi kuka, ni da tsintsiya, Inna da murhu, Maman Bulus da kaskonta, ƙamshin man gyaɗa ya cika gida har ya hana mutum yin fushi da safiya. In an taso makaranta akwai wanke-wanke, akwai kai niƙa, akwai layin ruwa a rijiyar maƙwabta inda ake koyon faɗa kyauta, sannan a zube a tsakar gida a yi 'yar carafke, ko a yi ɓoyo a bayan durom. Mu yara ba ma tuna wane ne na masallaci wane ne na coci sai Juma'a ko Lahadi ta zo an sa kaya masu kyau. Da damina Baba yakan ɗebe mu zuwa 'yar gonar masarar da yake nomawa a Kakau, kuma da Yaya Bulus ake tafiya, saurayi ne dogo marar yawan magana, shi ke ɗora ni a wuya in rafi ya kawo.

Komik ta hanyar ƙosai ya shigo gidanmu. Maman Bulus takan sayo tsofaffin takardu a buhu don ƙunsa wa masu saye, jaridu ne, takardun jarrabawa ne, har da shafukan waɗannan littattafan Turawa da ake ba da labari da zane, gida-gida, kowa da maganarsa a cikin wani ƙwai da ke fitowa daga bakinsa. Ni ce mai taya ta yagar takarda da yamma, ladana kuwa in tsince masu launi kafin mai ya ɓata su. Ban taɓa samun labari ɗaya cikakke ba. A shafi ɗaya sai in ga ƙato ya rungumi gini yana jijjigawa, shafin da ke bi masa kuwa tuni wani ya ci ƙosai a kai ya jefa kwata. Turancin ma ya fi ƙarfina, saboda haka mu muka raɗa wa jaruman suna. Akwai wani mai tashi sama da koren mayafi a wuya, in ya wuce jar wuta na bin bayansa, in ya kai duka haske na fita daga tafinsa. Inna ta leƙa ta ce, "Namiji da gyale, ga wando kamar da shi aka ɗinka a ciki, Allah ya shirya." Daga ranar ya zama Mai Gyale, kuma ni duk duniya ban ga wanda ya kai shi ba. Na zana shi da gawayi a bayan kwali, na zana shi da tsinke a ƙasa, na zana shi a bayan littafin lissafi har na sha bulala a makaranta, abin bai sa na daina ba.

Malamin Islamiyyarmu ne ya fara sa mini tsoro. Wata rana ya yi mana karatu a kan masu zana surar abu mai rai, ya ce ranar gobe za a ce musu su hura wa abin da suka zana rai, kuma ba za su iya ba. Na dawo gida ina lissafi, don Mai Gyale kaɗai na yi shi ya fi a ƙirga, ban san da wane numfashin zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A makon nan kuma Baba ya ɗaga katifa ya tarar da kwalayena. Shi ba mai duka ba ne, ya dai zauna ya dube su ya ce, "Ki zana abin da kika ga dama, Mairo, amma ban da mai rai a ɗakin nan." Na yi kuka, na ƙi tuwo, na kumbura fuska har Inna ta ce a ƙyale ni, cikina ne zai yi mini hukunci. Washegari Baba ya ɗauko zanin Inna ya shimfiɗa a tabarma ya kira ni. Ya ce, "Wannan aikina ne, kuma mata har faɗa suke yi a kansa a kasuwa. Nuna mini kai a ciki, ko ƙafa." Na duba na sake dubawa, babu komai sai layuka da da'ira da launi na hawan launi, ga shi kuma ya yi kyau.

Ni da taurin kai, sai na fara ciniki da dokar. Na zana Mai Gyale na cire masa kai na kai wa Baba, ya ce, "Wannan kuma gawa kika zano mini." Na cire hannuwa, na cire ƙafafu, ina ragewa ina fushi, har ya zamana babu abin da ya saura sai gudunsa da dukansa. A nan ne abin ya kama ni. Ashe in na ja jan layi da ƙarfi daga kusurwa zuwa kusurwa, tashinsa ya fi fitowa fiye da lokacin da nake fama da yatsu da hanci. Kore shi ne gyalen, yadda iska ta lanƙwasa shi. Baƙi shi ne abokin gaba, a tsaye ƙiƙam. Hasken duka kuwa buroshi ba ya yi mini shi yadda nake so, sai in tsoma tafina a ruwan ɗorawa in buga a kan kwalin, in ɗan murza. Sai da na girma na shiga makarantar koyon zane na ji wai irin wannan aikin yana da suna da malamai da manyan littattafai. Ni dai dabarar kauce wa wuta ce ta kai ni.

Fentin daga Yaya Bulus yake fitowa. Yana koyon rubutun allon shaguna wajen wani maigidansa a bakin titi, in gwangwani ya kusa ƙarewa sai ya kawo mini sauran, da tsohon buroshin da ya datse wa baki, da ɗan kananzir na wanke hannu. Yakan ce in bar launi ya bushe kafin in ɗora wani, ni kuma ban taɓa jin wannan maganar ba. A gidan nan kaf shi kaɗai ke iya karanta zanena. Sauran in sun gani sai su ce yarinyar nan ta ɓata kwali, shi kuwa sai ya karkata kai ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yau kam Mai Gyale ya sha kashi, ƙanwata," kuma haka ɗin ne, ranar baƙin ya fi yawa. Ina son sa kamar wanda muka fito ciki ɗaya, kuma ba ni da wani wa sai shi.

A daminar nan gari ya ɗauki zafi. Ban san mafarin abin ba, yaro ba a yi masa bayani, sai dai ya ga alamu. Mata suka koma magana ƙasa-ƙasa a wajen ruwa, in Maman Bulus ta iso a canza hira, in Inna ta iso wajen wasu su ma su canza. Rediyo ba ya barin kunnen Baba. Muka daina zuwa Kakau, ciyawa ta cinye masarar muna ji muna gani. Inna ta ƙulle wasu kayanmu a zani ta tura ƙarƙashin gado, na tambaye ta tafiya za mu yi, ta ce in ban rufe mata baki ba za ta rufe mini shi. An taɓa yin rikici a shekarun baya, manya duk sun ga abin da ya faru, kuma kowane ɓangare yana da wanda ya rasa. Sai jita-jita ta zo cewa kafin a auka wa gida sai an fara sa masa alama a bango. Musulmi suna cewa Kirista ke sawa, Kirista suna cewa Musulmi ke sawa, ba wanda ya ga alamar da idonsa, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya gani a wata unguwa. Na ji maganar a makaranta, ta shiga ta nan ta fita ta can. A tunanina alama rubutu ce ko lamba, me ya haɗa ta da Mai Gyale.

A daidai wannan lokacin mai gidan ya ga dama ya sa aka shafe bangon baya da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san abin da farin bango ke yi wa zuciya. Kwalayena sun ƙare, ɗaki an hana ni mai rai, ga fili fari tas ya fi tsawon Baba, kullum ina wucewa ta gabansa in na je niƙa. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, lungu ya zama ba kowa, don a kwanakin ko akuya ba a bari ta yi nisa. Hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu, iska na kaɗa ledoji. Na mirgino turmin Inna na kife shi, na hau da gwangwanayena. Na fara tsayar da baƙin, sannan na cika buroshi da ja na ja shi da duk ƙarfina tun daga ƙasa har inda hannuna ya kai, ya ratsa baƙin ya wuce. Na lanƙwasa koren a sama, na buga tafina da ruwan ɗorawa a inda suka haɗu, na yarfa sauran baƙin ya zama tarkacen da dukan ya watsar. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, har sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ruwa ya fara saukowa, Inna na ƙwala mini kira, na ja turmi na kwashi kayana a guje, gwangwani ɗaya ya faɗi ban lura ba. Daga baya na ji cewa da yammacin nan wasu mata 'yan cocinsu Maman Bulus sun bi ta lungun, suka ga koren nan ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, suka shigo suka ce mata ita aka sa wa alama, ta yi ta kanta. Yaya Bulus yana Kudenda ranar, suna rubuta allon ƙofar wata masana'anta, ta ƙofar gaba ya shigo, bai ga bangon ba.

To, shi ne fa aka wayi garin Asabar ɗin nan. Da na ji sunan Yaya Bulus a bakin Ɗanlami na saki bokiti na ruga cikin gida. Inna ta cafke hannuna, ta ga koren fenti a faratana, ta dubi fuskata, nan take ta gane. Ta ja ni bayan labule ta ce, "Ki yi shiru, kin ji na gaya miki." Ba na ganin laifinta, uwa ce, ta san taron da ya tashi da sassafe neman wanda zai huce a kansa ba ya tambayar shekaru. Ta jikin labulen ina ganin komai. Taron ya zagayo ƙofar gida, Baba ya tsaya a bakin ƙofa daga shi sai singileti da zani, ya buɗe hannuwa ya tokare ginshiƙan biyu. Ina jin ana fassara zanena kamar ana karanta wasiƙa. Wai ja da baƙin gicciye ne, jan kuwa jini. Wai ɗige-ɗigen yawan mutanen ɗakinmu ne, har da wanda ya rantse ya ƙirga. Ɗanlami ya ce, "Malam Iro, kai ake shirin yankawa, kai kuma kake kare shi. Ka fito mana da yaron nan mu tambaye shi kawai." Ba wanda ya yarda tambayar ce za a yi. Baba ya ce, "Yaron nan a hannuna ya tashi. Mai son shiga ya bi ta kaina." Wani ya shigo yana haki ya ce samarin ɗaya ɓangaren ma sun fara taruwa a hayin layin dogo, labari ya kai musu an tsare ɗansu.

Maman Bulus ta kulle ɗanta a ɗaki ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofar, ta miƙe ƙafafu, tana addu'a da yarensu, hawaye na zuba ba ta sharewa. Matar da kullum take tsince mini ƙosai mafi girma. Wannan ne abin da na kasa jurewa. Na fizge daga hannun Inna, na kutsa ta ƙarƙashin hammatar Baba na tsaya a gaban mutane na ce, "Ni na yi." Ba wanda ya yi dariya, da ma a ce an yi. Ɗanlami ya ce an sa ni ne, yarinya kamar wannan ina za ta kai can sama. Na ce a kan turmi na hau. Ya ce gwangwanin fa, na ce Yaya Bulus ne ya ba ni tun tuni, sai kuwa taro ya yi wani irin gunaguni, na gane na ƙara wa wutar kananzir. Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi hannuna, na ga fuskarsa ta canza.

Mai unguwa, tsoho ne mai sanda, ya iso a daidai lokacin, ya ce a koma wajen bangon da ni. Muka tafi, maza na buɗe mini hanya, ni ba na ganin komai sai gwiwoyi da hannuwan nan da ke cikin riga. Ya nuna zanen da sanda ya ce, "'Yan mata, mene ne wannan?" Na ce Mai Gyale ne, yana tashi sama ya doki mugu. Ya ce, "To ina kansa?" Na ce, "Baba ya hana kai." Baba ya ce haka ne, shi ya hana. Aka aike ni na ɗauko shafin komik ɗin da duk ya sha mai, mai unguwa ya riƙe shi a gefen bango yana duba wannan yana duba wancan, ya girgiza kai, don shi dai bai ga abin da ya haɗa su ba. Ɗanlami ya ce ana ɓata musu lokaci. Tsoro ya koma mini haushi, na ce a kawo turmi. Wani yaro ya mirgino shi, na hau, na ɗora tafina a tsakiyar ruwan ɗorawan nan. Yatsun suka zauna a gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, har da karkatar ɗan yatsan da ƙofa ta taɓa datse mini. Na bar hannun a wurin ina kallonsu. Mai unguwa ya dubi hannun, sannan ya juya ya ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kowa ya tafi gidansa." Ya kuma aika wani dattijo hayin layin dogo ya gaya musu ba abin da ya sami yaron.

Suka watse, amma a hankali, suna waiwaye, kamar waɗanda aka ƙwace wa abinci a baki. Babu mutum ɗaya da ya taka ƙofar Maman Bulus ya ce ta yi haƙuri. Ɗanlami ya jefar da gwangwanin a kwata, da zai wuce Baba ya ce, "Yau dai," ya yi gaba. Inna ta zane ni da tsintsiya, tana duka tana kuka, ta gama ta rungume ni. Baba da kansa ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe bangon. Har yau ban ga laifin da na yi ba, kuma har yau in na tuna haushin ƙartin nan nake ji, mutum da gemunsa ya dubi wasan yarinya ya ga yanka. Yaya Bulus bai fito ba sai da la'asar. Ya tsugunna a gabana idanunsa jajur, ya ce, "Ban samu na gani ba. Ya yi nasara?" Na ce ya yi. Ya ce, "Madalla," ya shafa kaina ya koma ɗaki.

Na ɗauka magana ta ƙare, tunda gaskiya ta fito. Washegari jiniya ta yi kuka ban ji ƙamshin mai ba. Kaskon yana kife a bakin ƙofa, haka ya wuni, haka ya kwana. Kafin mako ya zagayo wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida aka fara fitar da gado da tukwane, wai Maman Bulus ta sami ɗaki a Sabon Tasha, unguwar da Kirista suka fi yawa, kusa da 'yan'uwanta. Baba ya yi roƙo, ya ce amanar abokinsa ce a hannunsa, ya ce ai ta ga yadda ya tsaya. Ta ce, "Na gani, Malam, Allah ya saka. Amma ranar da kake wurin aiki fa?" Baba ya sunkuya ya ɗauki buhun takardunta ya kai mota. Inna ta ƙulla mata daddawa da kuka, suka riƙe hannun juna. Ni na ƙi fitowa sallama, na shige bayan durom ina jin motar ta tashi. Bayan su sauran Kiristocin gidan suka bi ɗaya bayan ɗaya, wasu Musulmi da suka baro unguwannin can suka maye ɗakunan, kowa da nasa labarin abin da ya kore shi.

Yanzu zane ne sana'ata, a kan ƙyalle nake yi, kuma har yau ba na sa kai. Daga Makera zuwa Sabon Tasha tafiyar bas ɗaya ce, nakan je wajen Yaya Bulus, yana da shagonsa da yaransa, gashinsa ya fara fari. Yakan tashi ya karɓe ni da ƙanwata, ya aika a sayo mini lemo, ya tambayi Inna. Duk zuwa sai na ce ya zo ya ga aikina ya gaishe da tsohuwa, ya ce in Allah ya yarda, ni da shi kuma mun san ba zuwa zai yi ba, kuma ni ma ba na bari magariba ta riske ni a can. 'Ya'yana suna kallon jarumai a waya, labari cikakke daga farko har ƙarshe, amma ba su taɓa cin abincin Kirsimeti daga ɗakin da ke kallon nasu ba, kuma in na ba su labarin gidanmu na da, kallon mai tatsuniya suke yi mini. Gidan yana nan da ɗakunansa, duk wanda ke kwana a cikinsa alƙibla ɗaya yake fuskanta, ba a sake taruwa a lungun ba. Wai shi ne muke kira zaman lafiya.